Aji, Taimako da Gini: Yadda Ƙaramar Ikilisiya a Zangon Kumasi Za Ta Riƙe Ukun Tare

Ikilisiyar da ake wa'azi da Hausa a Kumasi, ƙasar Gana, galibi ƙarama ce, kuma in ka duba bencinta ba lalle ka ga Bahaushe ɗan asali ba. Kusasi ne daga Bawku, Frafra daga Bolgatanga, Bulsa daga Sandema, Busanga, sai 'yan Nijar da Najeriya da neman abinci ya kawo. Hausar da ta haɗa su a unguwannin Aboabo da Asawase da Moshi Zango ita ce ta haɗa su ran Lahadi. Da yawansu cikin bangaskiya suka taso tun daga gida, don mishan ɗin Katolika ya sauka Navrongo tun 1906, Assemblies of God kuma ta fara aiki a Yendi a 1931. Abin da ba su zo da shi ba shi ne kuɗi. Mai gadi, mai sayar da koko, yaron makaniki a garejojin Suame Magazine, 'yar kayaye mai dako a kasuwar Kejetia, su ne masu sa baiko.

Irin wannan jama'a buƙatunta uku ne da ba sa ƙarewa: ajin manya, taimakon wanda ya shiga wani hali, da ginin da ke yoyo. Aljihun ɗaya ne, masu aikin kuma ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Da an ce gyaran gini, sai aji ya tsaya "har a gama", kuɗin gwauraye ya koma siminti "da sunan aro". Gini kuwa a wurinmu ba ya ƙarewa, aron ma ba ya dawowa. Don haka ga ra'ayina tun da wuri, ya dattawa da 'yan kwamiti: aji da taimako su ne za su gaya wa magini abin da zai gina. Su za a fara kafawa, gini ya biyo baya, sai fa in rufi na shirin faɗo wa mutane a ka.

Mataki na farko: littafin mutane

Ku sayi babban littafi, ku ba mutum biyu, namiji da mace, su bi gida gida. Kada a yi wannan tambaya a cikin sujada, don babu dattijon da zai ɗaga hannu gaban 'ya'yansa ya ce bai iya karatu ba. A gida, bayan gaisuwa, ana iya cewa: "Baba, in saƙo ya shigo wayarka, wa ke karanta maka?" Amsar ta ishe ku.

Abin da za a rubuta kaɗan ne: harshen da mutum ya fi ji, sana'arsa da lokacin tashinsa, ko yana da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ko katin inshorar lafiyarsa na raye, watan da hayar ɗakinsa za ta ƙare, da wanda za a kira a ƙauye in wani abu ya faru. A kuma lura da wanda hawa matakala ke ba shi wuya. Littafin nan sirri ne, yana hannun magatakarda, ba a barinsa a kan bagade.

Mataki na biyu: a raba asusu uku

Kafin a tara ko sidi ɗaya, a raba wurin ajiya. Asusun gudanarwa, wanda aji ke ci a ciki, daban. Asusun taimako daban. Asusun gini daban. A rubuta a kundin ikilisiya, a karanta wa jama'a, cewa ba a aro daga na taimako zuwa na gini ko da Baba Fasto ne ya nema. Wannan doka fasto ta fi karewa, don ranar da magini ya tsaya a ƙofarsa yana neman cikon kuɗi, yana da abin da zai nuna masa.

In ikilisiyarku reshe ce ta babbar ɗarika, ku bi tsarin hedkwata. In mai zaman kanta ce, ku yi rajista a ofishin rajistar kamfanoni ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019, a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, don ku buɗe asusun banki da sunan ikilisiya. Masu sa hannu uku, kowane biyu su iya cirewa, kada kuma biyu su fito gida ɗaya. Lambar MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ita ma ta zama ta ikilisiya, ba layin fasto ko na ma'aji ba. Mutum uku su ƙirga baiko nan take bayan sujada, su rubuta, su sa hannu. Wannan ba rashin yarda ba ne. Tun zamanin sarki Yowash, a 2 Sarakuna sura 12, akwati aka huda don kuɗin gyaran Haikali, kuma mutum biyu ne ke ƙirgawa.

Ta ina kuɗin zai fito? Zakka da baikon mako su riƙe gudanarwa. Baikon ranar jibin Ubangiji da gudummawar wata-wata su tafi taimako. Bikin godiya na shekara da baikon Kofi da Ama, inda ake gasa bisa ranar mako da aka haifi kowa, su tafi gini. Mutanenmu na son wannan gasa, ni ma ban ga laifinta ba, muddin ba a kira sunan wanda ya kasa ba.

Mataki na uku: ajin manya

Nan ne zan fi daɗewa, don nan aka fi yin sakaci. Aji ba iri ɗaya ba ne. Akwai na karatu da rubutu, akwai nazarin Littafi Mai Tsarki, akwai ajin baftisma da na masu shirin aure. Kada ku cakuɗa su. Musamman na karatu da rubutu, ku bar shi a buɗe ga duk mai so. Maƙwabciyarku Hajiya na iya son koyon karanta saƙon waya, amma ba za ta zo ba in ta ji ana juya darasin zuwa wa'azi, kuma tana da gaskiya. A Zango amana ta fi komai tsada.

Lokaci shi ne ke kashe aji. Daren tsakiyar mako bai dace da mai gadi ba, yana bakin aiki. Asabar ta jana'iza ce a ƙasar Asante. Abin da ya fi zama shi ne Lahadi bayan sujada, tunda an riga an biya kuɗin torotoro (ƙaramar bas ta haya) ko faragiya (keke mai ƙafa uku), sai a ƙara yamma ɗaya a mako ga na kusa. Awa ɗaya da rabi ta isa. A raba shekara zango-zango na wata uku, a bar hutu lokacin da mutane ke tafiya gonakin koko daga Oktoba, da lokacin rani da ake komawa arewa don makoki. Wanda ya ɓace wata biyu ya dawo, a karɓe shi ba tare da gori ba.

Kafin darasin farko, ku gwada idanu. Bayan shekara 40 ido kan fara ƙin ƙananan haruffa, kuma da yawa daga cikin iyayenmu da ke cewa "kaina ba ya ɗauka", tabarau kawai suke buƙata. Ku sami ma'aikaciyar jinya ta zo da tabarau masu ƙarfi daban-daban a gwada, wanda abin nasa ya wuce haka a tura shi asibiti. A rubuta manyan haruffa a allo, a sa fitila mai kyau.

Da wane harshe? Da wanda littafin mutane ya nuna. In Hausa ce ta fi yawa, a fara da ita, don rubutunta na bin furuci: wanda ya kama ba, be, bi, bo, bu, ya kama hanya. Sai dai malami ya sani Hausar Zango ba ita ce ta littafi daidai ba. Mu nan ba kowa ke raba k da ƙ ko d da ɗ ba, wasu kuma "ya" suke ce wa mace da namiji. A koya musu abin da ke rubuce don su iya karanta Littafi, amma kada a mai da bakinsu abin dariya. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, amma fassarorin baya-bayan nan sun fi sauƙi ga sabon mai karatu. In akwai rukuni babba na Kusasi ko Frafra, cibiyar GILLBT da ke Tamale ta daɗe tana aikin rubuta harsunan arewa da fassara, ku nemi littattafan koyo daga wurinsu. Hukumar ilimin manya ta gwamnati, wadda aka sani da NFED kafin dokar 2020 ta mai da ita CEA, ita ma ku je ofishinta ku tambayi horon malami.

Makonnin farko su tafi kan abin da mutum zai mora gobe: rubuta sunansa, lambobi, karanta saƙon MoMo ya bambance na gaskiya da na 'yan damfara masu cewa sun tura kuɗi bisa kuskure, karanta rasit, duba ranar da ke kan kwalin magani. Matar da ta sa hannu da alƙalami a banki maimakon dangwala yatsa, ba sai an roƙe ta ta dawo aji ba. Daga nan a shiga gajerun ayoyi da waƙoƙin da suka riga suka haddace, tunda baki ya san su, ido zai bi.

Malami kuwa a ba shi ɗan abin sabulu kowane wata, ko kaɗan ne, a kan lokaci. Aikin sa kai zalla ba ya wuce zango biyu. In yaro ne ɗan sakandare ke koyarwa, a ja masa kunne: "Mama" da "Baba" zai ce, ba ya kiran suna, ba ya jan jan biro a littafin dattijo. Mutum 15 sun isa aji ɗaya.

Mataki na huɗu: hidimar taimako

A Ayyukan Manzanni sura 6, rigimar farko a ikilisiya kan rabon abincin gwauraye ta tashi, tsakanin masu harshe biyu, aka warware ta da zaɓen mutum bakwai. Mu da muke da ƙabilu biyar ko shida a ɗaki ɗaya, sai mu fi kiyayewa. Ku zaɓi mutum biyar daga ƙabilu daban-daban, uku mata daga zumuntar mata, don su ne ke sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. Fasto ya ba da shawara, amma kada ya riƙe jakar.

Aikin farko, kuma mafi arha, shi ne katin inshorar lafiya. Tsarin NHIS ya fara da dokar 2003, katin na shekara ɗaya ne, ana sabunta shi ta waya da *929#. Yara 'yan ƙasa da 18 da tsofaffi daga 70 ba sa biyan kuɗin shekara, sai ɗan kuɗin sabuntawa, masu juna biyu kuma kyauta ne. A ware Lahadi ɗaya kowane wata uku, matasa su zauna da wayoyi su duba katin kowa. Abin da za a kashe a nan bai kai kwatan abin da za a nema ba ranar da aka kwantar da mutum a asibitin Komfo Anokye katinsa a mace. A kuma raka wanda ya cancanta ofishin jin daɗin jama'a ya tambayi LEAP, tallafin kuɗi na gwamnati ga marasa galihu, masu naƙasa kuma su nemi kasonsu daga asusun da gwamnati ke ba majalisun gundumomi.

Sannan a rubuta ƙa'ida kan abubuwa ukun da ke cinye asusu: rashin lafiya, haya, da mutuwa. Dokar haya ta 1963 ta taƙaita kuɗin gaba a wata 6, amma masu gidaje shekara ɗaya ko biyu suke nema. Ikilisiya ba za ta iya biya wa kowa ba. Abin da za ta iya shi ne ta duba littafi ta tuna wa mutum tun saura wata shida, ta sa shi adashi, dattijo kuma ya raka shi roƙon mai gida. Maganar gawa ta fi zafi. Daga Kumasi zuwa Bolgatanga ya haura kilomita 500, ga kuɗin ɗakin ajiye gawa kullum yana hawa. A yanke adadin da ikilisiya ke bayarwa, ɗaya ga kowa, ko za a kai gida ko za a binne nan, a yanke shi tun babu wanda ya mutu.

Ban goyi bayan ba da rance daga asusun taimako ba. Wanda ya kasa biya, kunya kan hana shi zuwa sujada, a rasa kuɗi a rasa mutum. In za a bayar, a bayar kyauta gwargwadon hali, a ɓoye, mutum biyu su kai. Rahoton wata ya faɗi adadi, ba suna ba. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kwamiti. Matar da ake duka ko yarinyar da aka ci zarafinta, addu'a da sulhu a falon fasto ba su wadatar ba. Dokar 2007 ta hana cin zarafi a gida, 'yan sanda na da sashen DOVVSU mai kula da irin wannan ƙara, a raka ta can.

Mataki na biyar: gyaran gini

Yanzu ne za a kira magini, kuma kafin shi a buɗe akwatin takardu. Yawancin filayen Kumasi na sarauta ne, haya ake bayarwa ta shekaru, kundin tsarin mulki na 1992 bai yarda a sayar da su har abada ba, wanda ba ɗan ƙasa ba kuma hayarsa ba ta wuce shekara 50. Ku duba: takardar da Nana, wato basaraken wurin, ya bayar, an kai ta ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante? An yi rajista a Hukumar Filaye? Da sunan wa? In da sunan wanda ya kafa ikilisiya ne, a mai da ita sunan ikilisiya tun yana raye. In haya kuke yi, kada ku zuba kuɗi a bangon wani sai da yarjejeniya a rubuce kan yadda za a cire daga haya.

Sai injiniyan gini mai lasisi ya zo ya duba, a biya shi. Birkila ya san ɗora bulo, amma ba shi zai ce harsashi zai ɗauki bene ba. A Oktoba 2020 ginin coci mai hawa da ba a kammala ba ya rushe a Akyem Batabi, fiye da mutum 20 suka mutu. Duk mai cewa a ɗora bene "da bangaskiya", a tuna masa da wannan. Fenti da canjin taga ba sa buƙatar izini, amma ƙarin ɗaki, fasa bango mai ɗauke da nauyi ko ɗora bene, sai da takardar izinin gini. 'Yan Aboabo da Asawase su tafi majalisar Asokore Mampong, na cikin gari KMA, majalisar birnin Kumasi. In ba haka ba, wata safiya za ku tarar da jan fenti a bango an ce a dakata.

Jerin aikin kuwa ba a juya shi. Tsagewar bango da fila su ne farko. Sai rufi, sai magudanar ruwa, musamman ga na kusa da rafin Aboabo da ke cika kowace damina. Sai wayarin, wanda dokar 2011 ta ce mai lasisin Hukumar Makamashi ne kaɗai zai yi. Sai ƙofofi biyu aƙalla masu buɗewa waje, da tukunyar kashe gobara. Daga nan a ɗauko buƙatun aji da na taimako: ɗaki ɗaya mai haske da iska, mai allo da kabad mai kulle, ƙaramin wurin da mace za ta faɗi damuwarta ba a ji ba, ban ɗaki na maza da na mata, da gangara ta keken guragu, wadda dokar masu naƙasa ta 2006 ta wajabta a wuraren jama'a. Tayil, silin mai ado da sabon mumbari su ne na ƙarshe. Na san su ne jama'a ke son gani, shi ya sa ake bari sai ƙarshe, don in an fara da su ba mai ƙara ba da kuɗin kwata.

A yanka aikin gunduwa-gunduwa, kada a fara gunduwar da kuɗinta bai cika ba, har da ƙarin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abin da ba a zata ba. Rufi aikin rani ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, kafin ruwan Maris. In tsohon rufin asbestos ne, kada matasa su farfasa shi da guduma, ƙurarsa na lalata huhu. A jiƙa, a sauke ɗai-ɗai, da takunkumi. Kuɗin gini kuma ba ya son kwanciya: a Disamba 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, wanda ya ajiye sidi ya ga yadda ta narke. Ku riƙa mai da shi rodi, kwano da bulo, in kuna da wurin ajiya mai tsaro. Siminti kaɗai ba a tarawa, danshi na daskarar da shi cikin 'yan watanni.

Ku karɓi farashi daga magina uku, ku je ku ga aikin da kowanne ya taɓa yi. Ya fi sauƙin lissafi ikilisiya ta sayi kaya da kanta, ta biya kuɗin aiki kawai, kowane buhu ya shiga littafi ya fita a littafi. In ɗan ikilisiya ne zai yi, to, amma shi ma da takarda, kuma kada ya zauna a kwamitin da ke biyansa. Biya mataki-mataki ne, bayan injiniya ya duba. Sabon kankare a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28, kada kafinta ya cire katakon tokare don yana gaggawar kai shi wani aiki. Gayya ta dace da ɗebo yashi da share wuri, ba ta dace da ɗaurin rodi ba.

Kafin tifa ta farko ta sauke tsakuwa, dattawa su je su gaida maƙwabta, mai unguwa da limamin masallacin kusa: "Malam, za mu ɗan dame ku da ƙura na wata biyu, a yi mana haƙuri." Kada a tare lungu ran Juma'a da azahar. In za a sa sababbin lasifika, su fuskanci ciki. Ma'aunin hukumar kare muhalli a unguwar zama desibel 55 ne da rana, 48 da dare.

Duk tsawon aikin, aji ba ya tsayawa. A nemi ajin wata makaranta ko a kafa rumfa, a sanar da wurin tun mako biyu kafin a cire kwanon farko. Kuɗin wannan haya daga asusun gini zai fita, tunda gini ne ya kore su. Daga kuɗin magini kuma a riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a rubuta haka a yarjejeniya. Bayan ruwan sama mai ƙarfi ya sauka sau biyu ko uku, mutum biyu su hau su duba silin da kusurwoyi da bakin kwata. In babu yoyo, a cika masa kuɗinsa ranar, a haɗa zanen gini da izini da rasit a fayil ɗaya, a ajiye kwafi a wani gida daban.